Yadda Ake Ziyartar Filin Furanni na Saman Tsauni

A can saman manyan tsaunuka, sama da iyakar da bishiyoyi ke iya tsirowa, akwai filayen ciyawa da ke shafe mafi yawan shekara ko dai a binne cikin dusar ƙanƙara ko a bushe ƙarau. Idan lokacinsu ya yi, tsirrai sukan yi toho, su yi fure, su zubar da iri, duka a gurguje kafin sanyi ya dawo. Ganiyar furen ba ta wuce 'yan makonni. Wanda ya yi gaggawa da mako biyu ƙanƙara da caɓi zai tarar, wanda ya makara da mako biyu kuma sai busassun kawuna. Saboda haka shirin irin wannan tafiya ya rataya ne a kan abu biyu: ranar da za ka isa, da yadda jikinka zai ɗauki tsayin wurin. Takalmi da jaka da sauran tarkace duk suna bayan waɗannan.

Gano abin da ke tayar da furen

Kafin ka tsayar da rana, fara sanin mene ne ke tayar da furen a wurin da ka nufa, domin ba abu ɗaya ba ne a ko'ina. A wasu tsaunukan narkewar dusar ƙanƙara ce, a wasu kuma ruwan sama.

Filin Paradise da ke jikin tsaunin Rainier a jihar Washinton ta Amurka misali ne na kashin farko. Tsayinsa kimanin mita 1,600 ne kawai, amma dusar ƙanƙarar da ke zuba a wurin tana da yawan gaske, ta yadda a watan Yuni ma hanyoyin ƙafa a rufe suke. Furen yakan kai ganiyarsa tsakanin ƙarshen Yuli da tsakiyar Agusta. A irin wannan wuri, kwanan watan da ka gani a takardar talla ba abin dogaro ba ne. Shekarar da ƙanƙara ta zuba da yawa furen kan ja baya da makonni, shekarar da ta yi ƙaranci ko zafi ya shigo da wuri kuma yakan riga lokacinsa. Tambayar da ya kamata ka yi wa ma'aikatan da ke kula da wurin ita ce: yaushe ƙanƙara ta bar filin a bana? Daga ranar da ƙasa ta bayyana ne tsirrai ke fara nasu lissafin.

Tudun Kitulo da ke kudancin Tanzaniya yana cikin kashi na biyu. Tsayinsa wajen mita 2,600, an mayar da shi gandun ƙasa, wato dajin da gwamnati ta killace, a 2005, kuma furanninsa ne suka sa aka yi hakan, ba manyan namun daji ba. Akwai nau'in tsirrai kusan 350 a wurin, ciki har da nau'i 45 na furen da ake kira okid masu tsirowa a ƙasa. Su damina suke bi, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Afrilu. Kwarin Furanni na jihar Uttarakhand a Indiya kuwa ya haɗa biyun: ƙanƙara ta narke a Mayu da Yuni, sannan ruwan damina ya sauka, furen ya cika kwarin daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, a Kitulo da Uttarakhand lokacin furen shi ne lokacin da hanya ta fi lalacewa. Ba a raba su. Wanda ya ce sai rana ta fito tar zai je, to ya haƙura da furen.

Akwai dabaru uku da ke ceton wanda ranarsa ba ta yi daidai ba. Na farko, fure hawa yake yi: yana fara buɗewa a ƙasa-ƙasa, yana bin narkewar ƙanƙara zuwa sama. Idan ka tarar na ƙasa sun yi yaushi, ƙara hawa mita 200 ko 300, sau da yawa za ka iske irinsu suna kan ganiya. Na biyu, fuskar gangare. A arewacin duniya gangaren da ke kallon kudu ya fi samun rana, shi ke fara narkewa, wanda ke kallon arewa kuma ya zo daga baya. A kudancin duniya akasin haka ne. Wanda ya zo da wuri ya nufi gangaren rana, wanda ya makara ya nufi na inuwa da ƙananan kwazazzabai inda ƙanƙara ke jinkirin tafiya. Na uku, furannin ba tare suke fitowa ba. A Rainier, fararen lili da rawaya ne ke fara ɓullowa a bakin ƙanƙarar da ke narkewa, daga baya shuɗin lufin da jajayen furanni su karɓe filin. Idan wani fure takamaimai kake son gani, nasa makon za ka bincika, ba na filin gaba ɗaya ba.

Idan da hali, ware kwana biyu na shiga filin, ba ɗaya ba. Hazo na iya rufe kwari yini guda cur.

Tsayi da abin da yake yi wa jiki

Wannan ne wurin da masu ƙarfin jiki suka fi yin kuskure, domin ciwon tsauni ba ruwansa da ƙarfi ko ƙuruciya. Yayin da ake hawa, iska tana ƙara sirancewa. A mita 3,000, kowane numfashi yana shigar da kimanin kashi 70 cikin ɗari ne na iskar oksijin ɗin da zai shigar a bakin teku. Jiki yana sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Ciwon yakan fara bayyana daga mita 2,500 zuwa sama, galibi cikin sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri, kasala, da barcin da ba ya nisa.

Ƙa'idar da likitocin hawan tsauni ke bayarwa tana kan wurin kwana ne, ba kan inda ƙafa ta kai da rana ba. Da zarar an wuce mita 3,000, kada tsayin wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a ƙara kwana a wuri guda. Hawa da rana a sauko a kwana ƙasa ba laifi, yana ma taimaka wa jiki ya saba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda mota ko jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko daga ƙasa ya dire a sama cikin sa'a guda.

Idan ciwon kai da tashin zuciya suka kama ka, dakata a inda kake, kada ka ƙara hawa har sai sun lafa. Farasitamol da hutu sukan isa. Idan yini ya zagayo ba sauƙi, ko abin yana ƙaruwa, sauka; mita 300 zuwa 1,000 sukan kawo sauƙi a fili. Alamomi biyu kuwa ba a jiran gari ya waye a kansu. Ɗaya ita ce mutum ya fara tangaɗi ko maganarsa ta rikice. Gwajin mai sauƙi ne: ja layi a ƙasa, ka ce ya bi shi yana ɗora diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar. Idan ya kasa, alamar kumburin ƙwaƙwalwa ce. Ta biyu ita ce haki ko da mutum yana zaune, tare da tari, wani lokaci da kaki mai kumfa. Wannan ruwa ne ke taruwa a huhu. Dukansu suna kisa. A sauko da shi nan take, ko da dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai.

Akwai ƙwayar asetazolamid da ake sha don rigakafi, yawanci miligiram 125 sau biyu a rana, ana farawa kwana ɗaya kafin hawa. Likita ne zai rubuta ta, bayan ya ji tarihin lafiyarka. Tana sa yawan fitsari da jin ƙaiƙayi a yatsu, kuma ba ta zama lasisin hawa da gaggawa. Mai ciwon zuciya ko na huhu da mace mai ciki su ga likita kafin su sayi tikiti. Mai sikila, wannan tafiya tana da haɗari a gare shi sosai, domin ƙarancin oksijin yana tayar da ciwon. Ko wanda yake AS, wanda lafiyarsa ƙalau a ƙasa, an san tsayi na iya taɓa masa saifa. Idan ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, kada ya ɗauka ciwon ciki ne kawai: ya sauka, ya nemi asibiti.

Yadda lissafin yake a hanya ta gaske

Kwarin Furanni na Indiya ya dace a yi misali da shi, don duk matsalolin sun taru a hanyarsa. Yana gundumar Chamoli, an mayar da shi gandun ƙasa a 1982, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Ana buɗe shi daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Oktoba. Daga garin Rishikesh ana shafe yini a mota, a bi ta garin Joshimath zuwa Govindghat, mai tsayin kimanin mita 1,800. Mota tana ƙara kilomita 4 zuwa ƙauyen Pulna, daga nan sai ƙafa ko alfadari, wajen kilomita 9 zuwa 10, har Ghangaria da ke kimanin mita 3,050. A Ghangaria ake kwana, domin ba a yarda kowa ya kwana a cikin kwarin ba. Da safe a karɓi takardar izini a shingen ma'aikatan gandun daji, a hau wajen kilomita 4 zuwa bakin kwarin, a fito kafin ƙarfe 5 na yamma. Alfadarai ba sa shiga wannan ɓangaren.

Duba lissafin da kyau. Daga Govindghat zuwa Ghangaria wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 1,200 a yini ɗaya, kuma wannan babban tsalle ne. Shi ya sa tsarin kwanakin da ke biye yake da muhimmanci. Daga Ghangaria hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi kwarin, wanda ƙasansa ke wajen mita 3,500, ɗaya ta nufi tafkin Hemkund, wurin ibadar mabiya addinin Sikh, a sama da mita 4,300. Fara da kwarin, ka dawo ka kwana, sannan ka nufi Hemkund idan jiki ya yarda. Waɗanda ke juya tsarin don su "gama da mai wuyar" su ne ake saukowa da su a galabaice. A hanyar Hemkund ɗin ne aka fi ganin brahma kamal, furen da jihar ta ɗauka alamarta, saboda shi can sama yake tsirowa.

Sannan ƙara kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana a jadawalinka. Zaftarewar ƙasa takan toshe hanyar mota a damina, kuma babu yadda za a yi sai jira. Kada ka sa jirgin komawa gida washegarin saukowarka.

Kaya

Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa. Idan garin da ka baro yana mita 500 kuma ana digiri 28, a mita 3,500 ka sa ran digiri 8 ko 9, tun kafin iska da ruwa su sa hannu. Jiƙewa ce ke kayar da mutane, ba sanyin kansa ba. Auduga tana shan gumi ta riƙe, sai ka tsaya hutawa ta fara zuƙe ɗumin jikinka. Don haka bar rigar auduga da wandon jins a masauki. Sa tufa hawa uku: ta ciki ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje rigar ruwa mai hula wadda iska ba ta ratsawa. Fara tafiya kana ɗan jin sanyi. Minti goma da hawa jiki zai ɗume. Da ka tsaya, mayar da ta tsakiyar tun kafin ka fara rawar ɗari.

Takalmi ya zama wanda ƙasansa ke kama dutse mai santsi, kuma wanda ka riga ka yi tafiya da shi na kwanaki. Sabon takalmi bororo yake kawowa. Inda ka ji fata ta fara zafi, tsaya ka manna filasta a lokacin, kada ka bari ta tashi. Yanke farce kafin tafiya, domin a gangara yatsu ke dukan gaban takalmi. Ɗauki safa ta biyu a cikin leda. Jakar baya mai cin lita 20 zuwa 30 ta isa yini guda, kuma zura babbar leda a cikinta ya fi murfin waje hana ruwa shiga.

Hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000, gajimare kuma ba ya tare shi duka. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, musamman hanci da leɓe. Ɗauki hula mai baki, man kariya daga rana, da baƙin tabarau, wanda ya zama dole idan akwai sauran ƙanƙara a hanya, don hasken da take mayarwa yana ƙona ido.

Ruwan sha lita 2 ga tafiyar yini. Ruwan ƙorama, komai kyansa a ido, a tace shi ko a sa masa ƙwayar tsaftacewa ko a tafasa, musamman inda ake kiwo a sama. Ruwa yana tafasa a kimanin digiri 90 a mita 3,000, saboda haka a bar shi minti uku yana tafasa. Sauran: abincin da ba sai an dafa ba, tocilan ta goshi, sanda ɗaya ko biyu don gangara, taswirar da aka sauke a waya tun ana da sabis, da batirin ko-ta-kwana a aljihun ciki, domin sanyi yana cinye caji.

Ranar shiga filin

Yi sammako. A tsaunuka da yawa gari yakan waye garau, gajimare ya fara taruwa da hantsi, hadari ya sauka bayan tsakar rana. Don auna lokaci, masu hawa suna ba kowane kilomita 5 sa'a ɗaya, su ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Kilomita 4 da hawan mita 500 ya kama kimanin sa'a ɗaya da minti 40. A sama da mita 3,000, ga laka ga tsayawa kallon fure, ƙara rabin wannan a kai. Tun kafin ka fita ka tsayar da ƙarfe nawa za ka juyo, ko ka kai inda ka so ko ba ka kai ba, kuma ka gaya wa mai masauki inda ka nufa da lokacin dawowarka. Saurin tafiyar da ya dace shi ne wanda za ka iya magana ba tare da numfashi ya yanke ba.

Filin furanni buɗaɗɗe ne, ba abin da ya fi ka tsawo a cikinsa, shi ya sa aradu abin tsoro ce. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa: kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. Idan ba su kai 30 ba, hadarin ya matso. Sauka daga ƙololuwa da doron tudu, nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin ruwa, idan kuna da yawa ku warwatsu. Jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Ƙoramar da ka tsallake da safe ruwa iya idon sawu tana iya kaiwa gwiwa da la'asar, domin rana tana narka ƙanƙarar da ke sama. Idan za ka ratsa, kwance bel ɗin jakar da ke ƙugunka don ka iya yar da ita idan ka faɗi, fuskanci inda ruwan ke fitowa, kada ka cire takalmi. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba a shiga. Haka kuma tsohuwar ƙanƙarar da ta rufe ƙorama kamar gada: ruwa yana cin ta ta ƙasa, samanta yana nan kamar lafiya. Idan kana jin ƙarar ruwa a ƙarƙashinta, zagaya. Hazo kuwa idan ya rufe har alamar hanya ta ɓace, tsaya a inda kake ka sa rigar ɗumi. Yakan yaye, kuma yawancin masu ɓata garin neman hanya cikin hazo suke ƙara nisa.

A cikin furannin

Tsirran nan suna da 'yan makonni ne kacal na girma a shekara, wasunsu kuma sukan yi shekaru daga iri kafin su yi furen farko. Ƙasar sirara ce. Idan ƙafa ta danne tsiro ta murƙushe saiwarsa, ruwan sama yakan bi wannan sawun ya zaizaye shi, na baya su gan shi su ɗauka hanya ce. Ta haka ƙaramin sawu ke zama tabon da ake shekaru ana gyara. Tsaya a kan hanyar da aka shata. Idan ta yi laka, bi ta tsakiyar lakar, domin kaucewa gefe shi ke faɗaɗa ta. Za ka huta, nemi dutse ko tsakuwa, ba ciyawa ba. Kwanciya cikin furanni don a ɗauki hoto babbar ɓarna ce, kuma hoton da aka ɗauka daga kan hanya, mai ɗauka ya durƙusa ya sa kyamara daidai da kan furen, yakan fito kamar mutum yana tsakiyarsu.

Tsinkar fure haramun ne a gandun ƙasa, kuma furen da aka tsinka ba zai zubar da iri ba. Tonon saiwa ya fi muni. A Kitulo, tonon saiwar okid don sayarwa a Zambiya na cikin abubuwan da suka sa aka killace wurin. Akwai kuma dalilin da ya shafi lafiyarka. Akonit, wani fure mai launin shuɗi zuwa shunayya da kansa ya rufo kamar hula, yana tsirowa a tsaunukan Turai da Asiya da Arewacin Amurka, kuma dukkan sassansa guba ne mai taɓa zuciya. Kada ka ɗanɗana ganye ko 'ya'yan tsiron da ba ka sani ba, kuma ka sa ido a kan yara.

Inda ake kiwo, kamar a filayen tsaunukan Alps na Turai, saniya mai ɗan maraƙi ta fi kowace dabba haɗari. Ba ta tazara, kada ka shiga tsakaninta da ɗanta, kuma ka mayar da ƙyauren shinge yadda ka same shi. Wurare da yawa, har da hanyoyin Rainier, ba a shiga da kare. Idan bukatar bayan gida ta kama ka inda babu bandaki, matsa mita 60 daga ruwa, tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka rufe bayan ka gama. Takarda da leda da ɓawon 'ya'yan itace duk a jaka za su koma, domin a cikin sanyin nan ruɓewa tana ɗaukar lokaci mai tsawo.

Game da hoto, ranar lumshi ta fi ranar da ta ƙwalle, don launuka sun fi fitowa kuma ba inuwa mai kaifi. Da sassafe iska ba ta tashi ba, furen yana tsaye cik, ga raɓa a kansa. Sai dai wasu furanni, irin su janshiyan, sukan tsuke bakinsu cikin sanyi da gajimare, ba sa buɗewa sai rana ta ɗumama su. Idan ka wuce su a rufe da safe, lura da wurin, ka sake dubawa a hanyar dawowa. Wanda yake son ya gano sunan fure daga baya ya ɗauki hoto uku: furen ta sama, furen ta gefe, da ganyen tare da karan, domin nau'o'i da yawa a ganye ake bambance su.